Yini Guda a Rixheim, Inda Har Yau Ake Buga Takardar Bango da Allon Katako

Ba takardar bango ce ta kai ni Faransa ba. Autanmu na je dubawa, wanda yake karatun injiniyan masaƙa a Jami'ar Haute-Alsace da ke Mulhouse, garin da masu shi ke kira Muluz. Shekara biyu rabonmu da shi, Hajiya kuma ta kafe sai wani ya je ya gano mata shi ido da ido, don a cewarta hoton waya ba ya nuna rama. Na sauka a filin jirgin da ke tsakanin Muluz da Basel, wanda yake kan ƙasar Faransa amma ƙofar fitarsa biyu, ɗaya ta shigar da kai Faransa, ɗaya Suwizalan. Ƙarshen watan Yuni ne, tsakiyar zafinsu, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Sai da na kwana uku kafin jikina ya yarda da Magaribar da ake yi a lokacin da agogo ke cewa an daɗe da idar da Isha'i.

Ni ɗab'i ne sana'ata, gadonta na yi a Zariya. Katin ɗaurin aure, kalanda, rasit, littafin rubutun 'yan makaranta, fostar 'yan takara idan kakar zaɓe ta kama; da injin Kord guda ɗaya muke rufa wa kanmu asiri. Shi ya sa a dare na huɗu, muna cin tuwon semo da miyar busasshiyar kuɓewar da na kai masa tsaraba, Auta ya ce, "Yaya, gobe zan kai ka wajen 'yan uwanka masu ɗab'i. Sai dai su ba littafi suke bugawa ba, bango suke yi wa riga."

Na ɗauka na san abin. Wolfefa dai, irin wadda ake manna wa ɗakin amarya a wajenmu, mai sheƙi, da ake shigowa da ita a naɗe cikin leda, damina biyu ta fara ɓamɓarewa daga kusurwa. Na ce a kan wannan za mu kashe kuɗin tikiti? Ya ce in dai bari mu je.

Jirgin ƙasan da ke zuwa Basel muka shiga. Ko gama gyara zama ban yi ba ya tsaya a tasha ta farko, Rixheim. Ƙaramin gari ne mai tsit, gidaje masu rufin jan bulo, tukwanen furanni a bakin taga. Muka taka da ƙafa har titin da ake kira Zuber, sai ga wani katafaren gida mai ɓangare uku da ya rungume fili a tsakiya. An gina shi tsakanin 1735 da 1745 don wata tsohuwar ƙungiyar mayaƙan addinin Kirista ta Jamusawa, 'yan Tutonik. Juyin juya halin Faransa ya raba su da shi, a 1797 kuma wasu masu buga takardar bango daga Muluz suka saye shi. Dalilin ƙaurar tasu kasuwa ce. A lokacin Muluz ƙaramar jamhuriya ce mai cin gashin kanta, ƙawar garuruwan Suwizalan, Faransa kuma ta zagaye ta da shingen kwastan har kaya suka kasa fita. Tafiyar 'yan kilomitoci zuwa Rixheim ta mayar da masana'antar cikin ƙasar Faransa. Shekara guda bayan nan, a 1798, ita kanta Muluz ɗin ta shiga Faransa.

Cikin ma'aikatan akwai wani saurayi, Jean Zuber, wanda ya fara da yawon tallan kayan kamfanin har ƙasar Italiya. A 1802 masana'antar ta zama tasa, kuma sunansa take amsawa har gobe. Gidan yanzu mutum uku ke zaune a cikinsa, in ji Auta: ofishin magajin gari, masana'antar Zuber da ba ta daina aiki ba, sai gidan tarihin takardar bango da aka buɗe a 1983. Masana'antar ba wajen 'yan kallo ba ce, tagoginta kawai muka hango. Gidan tarihin muka shiga, muka kuma taki sa'a ranar akwai nunin yadda ake bugu da hannu.

Wani dattijo ne mai nunin, ya ɗaura ƙyallen aiki a ƙugu, faratansa duk fenti. Da Auta ya gaya masa sana'ata, bai ce komai ba, sai ya ɗauko allo guda ya ɗora mini a hannu. Allo nake kiransa don ba shi da maraba da allon karatun manyan gardawa a girma, amma ya ninka shi kauri da nauyi. Na juya gefensa na ga ba katako ɗaya ba ne, hawa-hawa ne aka manne, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta na ƙarƙashinsa, don kada danshin fenti ya lanƙwasa shi. Hawan sama, wanda ake sassaƙawa, na itacen fiya ne, irin ta ƙasashen sanyi, ba wadda muke shafa wa burodi ba. Itace ne mai ƙarfi da laushin jijiya, wuƙa tana bin sa ta kowace fuska ba ya tsagewa. Masassaƙi ya ƙwaƙule duk inda ba a son fenti ya taɓa, ya bar zanen a tudu. Inda layi ya yi siriri har katako ba zai jure ba, kamar jijiyar ganye, an kafa siraran tagulla a tsaye. A bakin allon kuma ga wasu 'yan tsinkayen tagulla kamar kan allura. Ina ganinsu na gane aikinsu, domin mu ma muna da irinsu a gefen faranti: saiti ne. Kowane bugu yana barin ɗigo a gefen takarda, a kan ɗigon nan allo na gaba zai sauka.

Sai kwabin fenti. Babu mai a ciki, babu ƙamshin sinadarin da na saba shaƙa a shago. Alli ne, da garin launi, da gam da ake dafawa daga fatar dabba, musamman zomo. Ƙamshinsa kamar na sabon shafen farar ƙasa. Dattijon ya ɗiba da buroshi ya shafa a kan wani ƙyallen ulu mai kauri da aka shimfiɗa bisa akwati. Ya ce in danna da yatsa. Na danna, abin ya lotsa ya dawo. Ashe ruwa ne a cikin akwatin, an ɗaure bakinsa da shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa idan allo ya sauka ko'ina na fuskarsa yake ɗaukar fenti daidai wa daida. Dabara ce mai sauƙi, amma na daɗe ina kallonta.

Ya kama allon ta mariƙin bayansa, ya dangwala shi a ulun sau biyu, ya juya ya sauke shi a kan takarda, tsinke kan ɗigo. Ya ɗora guntun katako a bayan allon, ya jawo wata doguwar sanda da kanta ke maƙale a ƙarƙashin gungumen gefen teburin, ya danna da nauyin jikinsa. Da ya ɗaga allon, sai da ya yi wata 'yar ƙara, ɗas, kamar an zare ƙafa daga laka. Ga ganyaye sun fito kore shar, a jiƙe. Ya ja takardar gaba, ya sake. Dangwala, saiti, danna, ɗaga, ja. Hannunsa bai taɓa tsayawa yana neman ɗigon ba, kamar allon ne ya san hanyarsa.

Ya ba ni in gwada. Shekara ashirin da wani abu ina saita launi a inji, saitin bai ba ni wahala ba. Dannawar ce ta kuɓuce mini. Na fi ba gefen dama ƙarfi, sai fentin ya fantsalo a bakin ganyen dama, na hagu kuma ya fito da farin tabo-tabo. Dattijon ya kama kafaɗata ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini da ƙugu ake dannawa ba da damtse ba. Na uku ya fito sosai. Ya gyaɗa kai ya ce wani abu, Auta ya fassara: "Yaya, ya ce wannan launi ɗaya ke nan. Sai an shanya ya bushe, gobe a zo da na biyu."

A nan ne lissafin ya fara shiga kaina. Mu a shago launi huɗu muke da su, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa da baƙi. Duk wata kala da ka gani a kalanda yaudarar ido ce, ƙananan ɗigo ne na waɗannan huɗun suke cakuɗuwa daga nesa. A nan babu wannan. Idan fure yana da ja kala bakwai, daga mai duhu zuwa mai haske, to sau bakwai za a kwaɓa fenti, allo bakwai za a sassaƙa, sau bakwai za a buga a shanya. Kuma fentin alli yana da wani hali: a jiƙe ya fi duhu, idan ya bushe sai ya washe. Mai kwabi dole ya riƙa ganin kalar gobe a cikin kalar yau. Dattijon ya kai ni gaban wani busasshen falle, ya karkata fitila ta gefe. Fentin a tudu yake, hawa kan hawa, ba ya sheƙi ko kaɗan, bakin kowane ganye da ɗan kauri inda allon ya ja shi sama lokacin ɗagawa. Wannan kaurin ne kyamara ba ta ɗauka, inji kuma ba ya bayarwa.

Da can, yaro ne ke tsaye gefen mai bugu yana shafa fenti a ulun daga safe har dare. Yara ƙanana ne ƙwarai. Sai a 1841 Faransa ta yi dokar da ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 8 aiki a manyan masana'antu, kuma masu masana'antun Muluz suna cikin waɗanda suka nemi a yi dokar. Na tuna yaran da ke tara mana takarda a bayan inji, na ji wani abu ya tsaya mini a wuya.

A ɗakin ƙasan nan kuma injunan da suka karɓe kasuwar suke, manya-manya, kowanne da gangar ƙarfe a tsakiya da ƙananan naɗi kewaye da ita, kowane naɗi da launinsa. A Darwen ta Ingila aka fara irinsu wajen 1839, aka aro dabarar daga masu buga yadi. Abin da mutum zai yi mako yana yi, inji ya gama kafin azahar. Ba zan zagi inji ba, da shi nake ci da iyalina, kuma shi ya sa talaka ma ya samu abin yi wa ɗakinsa ado. Amma da na dubi bugun injin kusa da bugun allon, na ga abin da aka bayar aka karɓi arahar.

Muka hau sama. Wallahi ban shirya wa abin da na tarar ba.

Ɗaki ne da bangonsa ya zama duniya. Ba zanen da ke maimaita kansa ba ne irin na atamfa. Shimfiɗar ƙasa ce guda ɗaya da ta tashi daga wannan kusurwa ta zagaye ɗakin, ba inda ya yi kama da wani. Sunanta Eldorado, an fara buga ta a 1849, aikin masu zane uku ne, Ehrmann da Zipélius da Fuchs. Dogayen falle 24 aka jera gefe da gefe, tsawonsu a haɗe ya haura mita 10. Allo 1,554, launi 210. Nahiyoyi huɗu aka ɗinke wuri guda: tafki da matakalar lambu na Turai, gini mai ƙubba na gabas, kufan Misira da dalarta a madadin Afirka, gaɓar teku da dazuzzukan Amurka. Babu mutum ko ɗaya a ciki, sai furanni da tsuntsaye da itatuwan dabino. Na matsa har hancina ya kusa taɓa igiyar da aka gitta. Daga kusa fure ba fure ba ne, ɓarɓashin kaloli ne a ɗore kan juna kamar an yayyanka takarda. Na ja da baya taku uku, ya koma fure har kana jin kamar raɓa na kansa.

Sararin saman kuwa ba allo ya buga shi ba. Kafin allo ko ɗaya ya taɓa takardar, ana shimfiɗa ta a dogon tebur, a jera launuka tun daga shuɗi mai duhu a sama har zuwa ruwan hoda-hoda a inda sama ta haɗu da ƙasa, sai ma'aikata su bi da manyan buroshi tare, suna saje su tun suna jiƙe har a rasa inda wani ya ƙare wani ya fara. Kuma dole falle 24 ɗin nan su fito iri ɗaya, in ba haka ba idan aka manna su sama za ta karye a kowace mahaɗa. Duk wanda ya taɓa fama da launin da ya sauya tsakanin kwafi na farko da na dubu zai san girman wannan magana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, har yanzu ana buga Eldorado, a wancan ɓangaren gidan da muka hango tagoginsa, da allunan nan dai na 1849. Kamfanin yana da alluna fiye da 100,000 a jere a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kowanne da lambarsa. Gwamnatin Faransa ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa, ba a fitar da su waje a sayar, amma ba a kulle su a gilashi ba. Ana ɗauko su, a shafa musu fenti, a danna, a wanke, a mayar. Bugun zane ɗaya irin wannan yana cin watanni. Wasu allunan sun salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma zanen da allunansa suka tafi ba ya sake fitowa ta wannan hanya sai an sassaƙa sababbi.

Na tambayi kaina, wadda aka buga bana, kwafi ce ko asali? A shagonmu amsar a fili take, akwai na ainihi akwai hoto. A nan kuwa allon shi ne na farko, kwabin shi ne na farko, tsayuwar mai dannawa ita ce ta farko. Takarda da ranar bugu kawai suka sauya. Ni dai a ganina asali ce, kamar yadda rigar da marini ya tsamo yau daga karofin kakansa ba a ce mata kwaikwayo.

A littafin da ake sayarwa a bakin ƙofa na ga wata mai suna Hotunan Amurka ta Arewa, ta 1834, zanen Jean-Julien Deltil: falle 32, allo 1,690, launi 223, da gaɓar New York, da tashar jiragen ruwan Boston, da makarantar soja ta West Point, da faɗuwar ruwan Niagara. Labarinta ya yi mini daɗi. A 1961 za a rushe wani tsohon gida a garin Thurmont na jihar Maryland, wani mutum ya sayi takardar bangon gidan a kan dala 50, ya ɓamɓare ta a hankali da wuƙa. Aka saye ta daga hannunsa dala 12,500, aka manna ta a ɗakin karɓar jakadu na Fadar White House zamanin Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, tana nan har yau. Masu suka a lokacin suka ce ai da an aika Rixheim an samo sabuwa a ƙasa da haka. Gaskiyarsu ta fuskar kuɗi, kuma wannan kansa abin mamaki ne: shekara 127 bayan bugun farko, ana iya yin odar sabuwa daga allunan da suka buga tsohuwar.

To idan babu allunan fa? Wannan na koma ƙasa na tambayi dattijon, don shi ne halin da yawancin tsofaffin gidaje suke ciki. Zuber gata ta samu. Ɗaruruwan masana'antu sun mutu da allunansu. Ya ja kujera, Auta yana fassarawa.

Aikin yakan fara ne da guntu. Ana gyaran wani tsohon gida, a ɗaga kabad ko a cire katakon bakin ƙofa, sai a tarar da takarda hawa biyar ko shida a manne kan juna, kowane hawa da zamaninsa. A raba su da tururi da siririyar wuƙa, a hankali, kamar mai ɓare albasa. Wani lokaci abin da za a samu bai fi tafin hannu biyu ba. Daga nan mai zane zai nemo inda zanen ke komawa farko, in wani yanki ya ɓace ya nemi irinsa a ɗakunan ajiya kamar na wannan gidan. Sai ya ware launuka ɗaya bayan ɗaya a kan takarda mai shara-shara, ya gano wanne aka fara bugawa wanne ya hau kansa. Kowane launi a sassaƙa masa allonsa.

Kalar ita ce tarko. Abin da ido ke gani a bango ba shi ne abin da mai gida ya gani ranar da aka manna ba. Rana ta ci, hayaƙin murhu da na fitila ya dafa. Don haka sai a leƙa inda falle ya hau kan falle, ko ƙarƙashin bakin ado, inda haske bai taɓa shiga ba. A nan ake tarar da shuɗi da kore masu ƙarfi har mutum ya yi mamakin ashe mutanen da ba dishi-dishi suke so ba. Wani koren kuma ba a maimaita shi yadda yake ko da an gane shi, domin koren Scheele na 1775 da na Schweinfurt na 1814 da gubar asenik aka haɗa su, sun kuma cutar da masu bugu da masu kwana a ɗakin. Sai a nemo kalar da wani garin da ba ya kisa.

Har takardar ma da magana. Kafin wajen 1830 babu doguwar takarda ta inji a wannan sana'a. Ƙananan falle ake mannawa baki da baki har su yi naɗi guda, sannan a shafa launin ƙasa a buga. Wanda yake gyaran gidan 1790 da gaske yakan nemi a manna masa falle-falle haka, don mahaɗar nan da ke ɗan bayyana a ƙarƙashin fenti tana cikin kamannin ɗakin. Akwai masu wannan aiki yau: Atelier d'Offard a yankin Tours na Faransa, da Adelphi Paper Hangings a Sharon Springs ta jihar New York, dukansu an kafa su a 1999. A Ingila kuma allunan William Morris, shahararren mai zanen takardar bango na can, suna nan, zanensa na Acanthus kaɗai allo 30 yake ci. Sababbin masu aikin ba sa ƙyamar kwamfuta wajen ware launi ko yanka allo. Amma dangwalawa da dannawa, in ji dattijon, har yanzu sai ƙugu da hannu.

Akwai bango ɗaya da na tsaya gabansa ban ji daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Hotunan Barazil, na wajen 1830, shi ma aikin Deltil, wanda ya ɗauko daga zane-zanen wani matafiyi Bajamushe, Rugendas. Daji kore shar, duwatsu, ayarin alfadarai, komai gwanin kyau. A wani yanki kuma ga gona, ga baƙaƙen mutane suna aiki, ga masu gona suna kallo. Bayi ne. An buga su da allo mai kyau, da launi mai kyau, don su ƙawata ɗakin cin abincin wani attajiri. Zanen bai ce daga ina aka kwaso su ba. Amma a shekarun nan akwai Hausawa da yawa cikin bayin Bahia ta Barazil. A 1807 an bankaɗo shirin tawayensu a birnin Salvador, suka sake tashi a 1809 da 1814. A watan Azumin 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa da wasu Hausawa, suka fito da farin kaya, aka tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Barazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. Na gaya wa Auta wannan a hankali. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, to a daina buga ta?" Na ce a'a. A bar ta yadda take, kada a goge kowa, don shaida ce a kan masu saye da masu sayarwa. Amma duk wanda zai manna ta a ɗakinsa yau, ya kamata a gaya masa su wane ne a gonar nan, kuma me ya kai su.

Mun fito wajen ƙarfe biyar, rana tana tsaka kamar azahar. Muka yi La'asar a kan ciyawa a lambun bayan gidan, ƙarƙashin wasu manyan itatuwa. Dattijon ya naɗe mini guntun da na buga, har da na farkon da ya ɓaci, ya ɗaure da zare. Ina zaune ina juya shi a hannu, sai Baba ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Da haruffan dalma ya fara sana'ar. Akwatuna ne masu ƙananan gidaje, kowane harafi da gidansa, har da ɓ da ɗ da ƙ, masu lanƙwasa, waɗanda ba kowace maɗaba'a ke da su ba. Ina yaro nakan tsaya gefensa yana tsinto su ɗaya-ɗaya, a juye, ba tare da ya duba ba, yana jera layi. Shekarar da muka sayi injin Kord wuri ya yi mana kaɗan. Ni da kaina na kira 'yan gwangwan, aka ɗora akwatunan a sikeli, aka biya ni kuɗin dalma. Ban ji komai ba a ranar. A lambun Rixheim na ji shi, bayan shekara goma sha bakwai.

Abu ɗaya ya tsira, don ba ƙarfe ba ne ba su saya ba: wata durowa ta manyan haruffan katako da Baba ke buga sanarwar Maulidi da ta wasan ƙwallo da su. Tana sito, ƙarƙashin ragowar takardu, inda rufin ke ɗiga. Na duba agogo, a gida ƙarfe biyar bai yi ba, ba a rufe shago ba. Na kira babban yarona na ce ya bar abin da yake yi ya shiga sito.

Na ji ƙarar jan kaya, na ji tarinsa saboda ƙura. Can ya ce, "Baba, ga ta. Gara ta ɗan taɓa gefe guda, amma haruffan suna nan."

Na ce ya ƙirga mini su, ya duba ko babban Ƙ yana ciki. Ya ɗan jima. Ya ce yana ciki, guda biyu ma. Na ce ya goge su da busasshen tsumma, kada ya sa ruwa, ya kai su ɗakina ya ɗora a kan kabad kafin hadarin yamma ya haɗo.